Daga Danja Zuwa Teburin Gyaran Waya: Nazarin Lamarin Wani Mai Shan Inna a Kano

Wanda ake magana a kansa

Rubutun nan ya bi sawun wani matashi ne da ke zaune a ɗaya daga cikin unguwannin wajen ganuwar Kano, wanda shan inna ya shanye masa ƙafafu biyu tun yana shekara uku. Na sakaya sunansa da na unguwar domin shi ya nemi haka. Na san shi ne a ajin yaƙi da jahilci na dare da nake koyarwa, daga ƙarshen 2020 zuwa 2022, kuma har gobe mukan zauna. Abin da na kawo na ji shi daga bakinsa, da bakin mahaifiyarsa, da na maigidan da ya koya masa sana'a, sai kuma wani littafin rubutu mai fallaye tamanin da za a gamu da shi a gaba.

Matsalar da aka bibiya ita ce wadda muke kira mutuwar zuciya. A wajensa tana da jimla guda da yake maimaitawa kamar wuridi: "Irinmu ba ma iyawa." Ya faɗe ta a kan karatu, ya faɗe ta a kan sana'a, ya faɗe ta a kan aure.

2004: Yadda ƙafafun suka tafi

An haife shi a 2001, shi ne na huɗu a ɗakinsu. Da farkon daminar 2004 zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku. Zazzaɓin ya sauka, yaro ya kasa tashi. Mahaifiyar ta ce tana tsayar da shi sai ƙafafun su lanƙwashe kamar tsumma.

Lokacin ya faɗo daidai da watannin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna. Tun a 2003 jita-jita ta bazu cewa an zuba maganin hana haihuwa a cikin ɗigon, ga kuma miki bai warke ba na gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Ba a ci gaba da rigakafin ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta riga ta yi ƙarfi, har a 2006 aka samu sama da yara dubu ɗaya da ta kama a Najeriya. Shi ba a taɓa ɗiga masa ba.

Gidan sun bi hanyar da aka saba. Sunan cutar kansa ya nuna abin da aka ɗauke ta: Inna ce ta sha. Aka yi hayaƙi, aka yi wanka da sassaƙe, aka yi rubutu. Sai bayan kusan shekara aka kai shi asibiti, inda aka shaida musu cewa abin da ya tafi ya tafi, saura gashin ƙashi da motsa jiki don kada gaɓoɓin su ƙage. Sun je sau kaɗan, kuɗin mota ya gagara.

Akwai bayani ɗaya da babu wanda ya yi wa iyayen a lokacin, kuma zai yi amfani a gaba. Ƙwayar shan inna tana shiga ta baki, kuma a cikin kusan mutum ɗari biyu da ta kama, ɗaya ne take shanyewa. Abin da take lalatawa shi ne jijiyoyin laka masu ba nama umarnin motsi. Ba ta taɓa fahimta, ba ta taɓa riƙe karatu. A jikin wannan yaro ba ta taɓa hannuwa ba ma.

2008 zuwa 2013: Firamare da fita daga cikinta

An sa shi firamare a 2008. Shekara biyu mahaifiyarsa ko yayarsa ke goya shi su kai. Da ya yi nauyi aka haɗa masa katako mai ƙananan tayoyi huɗu, yana sa silifa a tafin hannu yana tura kansa. Da rani abin da sauƙi. Da damina lungun kan zama caɓi, sai ya yi mako bai je ba. Makarantar ba ta da bayan gidan da zai iya shiga, saboda haka ya koyi ƙin shan ruwa da safe.

Ya ce ba ya tuna wani malami da ya zage shi. Abin da yake tunawa shi ne ba a tambayarsa. Idan aka bi layi ana duba aikin gida, ana zuwa kansa sai malam ya ce "bar shi, Allah sarki," a wuce. Ba a taɓa dukansa a kan rashin yin aiki ba, a makarantar da ake dukan kowa. Ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙaƙen boko ba, ya kuma yanke wa kansa hukunci cewa kansa ne ba ya ja.

Mahaifinsa ɗan acaɓa ne. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a Kano. Abincin gidan ya tsaya cak. Cikin wata biyu wani maƙwabci mai irin lalurarsa ya fara tafiya da shi wata danja a cikin gari. Yana da shekara goma sha biyu.

2013 zuwa 2019: Shekarun bara, da yunƙuri uku da suka faɗi

Bara tana da tsarinta, wanda bai shiga ba ba zai sani ba. Kowa da gefen titinsa, akwai manya da ake gaisarwa, akwai ranakun samu. Abin da yake tarawa ranar Juma'a a ƙofar masallaci ya fi abin da yaron shago ke samu a mako guda. Da shi ake awo a gidansu. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya zama shi ke riƙe da cefane, kuma hakan ya ba shi matsayi a gida da yayyensa masu ƙafa ba su da shi. Wanda duk zai ce ya bar bara, to wannan matsayin yake cewa ya ajiye. Gwamnatin jiha ta haramta bara a tituna tun zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, kuma lokaci-lokaci akan yi kame. Sau biyu aka kwashe shi, sau biyu ya koma bayan kwanaki.

Yunƙurin farko ya zo a 2017. Wata ƙungiyar agaji ta ba shi keken guragu mai tuƙin hannu da jarin ɗan tebur: biskit, alawa, omo, ashana. Keken ya canza masa rayuwa, har yau shi yake hawa. Teburin kuwa wata uku ya yi. Bai iya rubuta bashi ba, bai iya raba uwar kuɗi da riba ba, kuma duk ranar da ciniki ya yi sanyi sai ya tuna danja na nan. Aka cinye jarin a tukunya.

Na biyu a 2018 ne, wa'azi. Wani limami a unguwar ya kira shi ya yi masa nasiha da tausasawa. Ya kawo masa hadisin da ke cewa hannun sama ya fi hannun ƙasa, da na wanda zai ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Ya ba shi labarin Amru ɗan Jamuhu, gurgun sahabin da ya dage sai ya fita Uhudu, da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan bar wa Madina idan zai fita. Matashin ya ce ya yi kuka a zauren nan. Kwana tara bai fita ba. A na goma garin tuwo ya ƙare.

Na uku a 2019, shirin koyar da sana'a na mako biyu. An koya musu ɗinki, aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka raba keken ɗinki. Keken na ƙafa ne. Ya kai shi gida ya zuba masa ido. Ana iya sa wa irin wannan keke mariƙin hannu ko ƙaramin injin lantarki, amma babu wanda ya gaya masa, shi ma bai tambaya ba. Bayan wata ɗaya ya sayar. A kan maganar wannan keken ne, daga baya, na fara jin jimlar tasa cikakkiya: "Malam, ka gani ko? Har abin da aka ba ni kyauta ya san irinmu ba ma iyawa."

Afrilu zuwa Disamba 2020: Kulle, da zauren maƙwabci

A tsakiyar Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, azumi kuma ya kama a ciki. Tituna suka yi fayau, aka dakatar da Juma'a. A karon farko cikin shekara bakwai babu danjar da zai koma.

A lungunsu akwai wani mai gyaran waya da ke da rumfa a kasuwar Farm Centre. Kulle ya hana shi fita, sai ya baje kayansa a zaure, 'yan unguwa na kawo masa aiki. Matashin ya fara zuwa don ya rage zafin rana ya yi cajin wayarsa. Mai gyaran mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ba shi da tausayin baki. Ranar nan notunan wata waya suka zube a ƙasa, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya dubi wanda ya fi kowa kusa da ƙasa ya ce, "Kai, tsince min." Ya tsince, ya jera su a kan murfin gwangwani bisa tsawonsu ba tare da an ce ya yi haka ba. Maigidan ya ce abin da ya lura da shi ke nan. Washegari ya miƙa masa matacciyar waya da sukundireba ya ce ya kwance ya mayar.

Haka aka fara, babu taro babu alkawari. Makonni shida yana kwance matattun wayoyi yana mayarwa. Daga nan aka ba shi wankin fanel, wato allon cikin waya, da sifirit da buroshin haƙori, sai canjin sifika da maufis, sai sikirin. Hannuwan da suka yi shekaru suna ɗaukar nauyin jikinsa suna da ƙarfi, amma da farko ƙarfin ya yi yawa, yana fasa murfi yana tsinke siraran wayoyin ciki. Maigidan ya sa shi ya riƙa ɗaukar ƙwayar shinkafa da hantsaki daga wannan faranti zuwa wancan, ɗari kowace safiya.

Da aka ɗage kulle maigidan ya koma kasuwa, ya tafi da shi a kan sharaɗi ɗaya: ranar da aka gan shi a danja, kada ya dawo rumfar. Abin da yake ba shi na abinci da mota bai kai rabin abin da bara ke kawowa ba. Gida aka yi ta ƙorafi. Mahaifiyar ce ta tsaya, ta fara ƙosai da safe don cike giɓin.

A kasuwa aka gano wani ramin. Ba ya iya karanta lambar samfurin waya ko abin da mita, na'urar gwajin wuta, ta nuna. Wannan ya kawo shi ajina a Nuwamba. Daren farko ya tsaya da kekensa a bakin ƙofa ya ce ya zo ne kawai don maigida ya matsa, shi kansa ba na boko ba ne. Na ba shi alli na ce ya rubuta abin da yake gani a bayan batir. Ya zana baƙaƙe goma sha ɗaya da lambobi daidai, daga ka, bai san sunan ko ɗaya ba.

Fabrairu zuwa Afrilu 2021: Wayar da ta ƙone

Wata na goma da fara aiki, maigidan ya bar masa canjin bakin caji na wata waya mai tsada ya fita sayen kaya. Aikin na buƙatar bulawa, injin da ke hura iska mai zafi don narka dalma. Ya daɗe da ita a wuri ɗaya. Zafin ya taɓa wani ɗan ƙaramin sashe da ke kusa, waya ta mutu murus.

Mai wayar ya zo ya ɗaga murya a gaban jama'a. A cikin abin da ya faɗa har da cewa wa ya ce a ba gurgu wayarsa, ai wurinsa bakin masallaci. Maigidan ya biya kuɗin fanel daga aljihunsa. Matashin bai jira an tashi ba, ya tuƙa kekensa ya tafi.

Mako shida ba a gan shi a rumfa ba, ba a gan shi a aji ba. Daga baya ya gaya min yana hawa mota zuwa kasuwannin ƙauye da ke ci mako-mako, inda ba wanda ya san shi, yana bara a can. Ya ce abin mamaki har wani sanyi ya ji a ransa, kamar wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. A bara ba a ƙona wa kowa komai.

Na je gidansu sau biyu na yi masa irin maganganun da malamai ke yi: kowa na kuskure, da faɗuwa ake koyon hawa. Ya saurara cikin ladabi, ya ce "Haka ne, Malam," bai dawo ba.

Afrilu 2021: Littafin

Maigidan bai je lallashi ba. Ranar wata Juma'a da yamma ya shiga gidan da littafin da yake rubuta aikin rumfa, domin kowace waya da ta shigo yakan rubuta ranar, da matsalarta, da wanda ya taɓa ta. Ya zauna a tabarma ya ce matashin ya ƙirga da kansa duk inda aka sa alamarsa tun daga Agusta. Lokacin ya fara iya karanta lambobi da gajerun kalmomi. Ya bi da yatsa. Waya sittin da ɗaya. Hamsin da huɗu sun tashi an karɓa. Shida an dawo da su an sake gyarawa. Ɗaya ta ƙone.

Sai maigidan ya buɗe wani tsohon shafi na shekarar da shi kansa ya buɗe rumfa, ya nuna masa uku da ya kashe cikin wata biyu. Ya ce masa, "Kai ɗaya ka ƙona kake kuka. Kuɗin fanel ɗin nan bashi ne a kanka, kuma ba na karɓar kuɗin bara. Ka zo ka biya ni da aiki."

Ya koma ranar Litinin. Maigidan ya saya masa nasa littafin, mai fallaye tamanin, ya ja layi a tsakiyar kowane shafi: dama abin da ya tashi, hagu abin da ya gagara da dalilinsa. Sharaɗin shi ne a hagu ba a rubuta "ban iya ba." Sai an rubuta takamaiman abin: zafi ya yi yawa, ban cire batir ba, sikirin ɗin jabu ne. Na ga littafin. A shafukan farko rubutun manya-manya ne, wasu baƙaƙen a juye. A wani wuri ya fara rubuta "ban i" ya soke, ya sa "dalma ba ta kama ba." Bashin fanel ya biya shi cikin wata huɗu.

A wannan tsakanin ne maigidan ya aike shi karɓo saƙo a wata bita inda masu shan inna ke walda suna ƙera kekunan guragu, irin wanda yake hawa. Shekara huɗu yana kan keken bai taɓa tunanin wa ya ƙera shi ba. Ya tarar da magidanta masu irin ƙafafunsa, wasu da mata da 'ya'ya a makaranta, suna yanka ƙarfe suna ciniki da 'yan kwangila. Su suka ja shi kallon ƙwallon guragu, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a nan Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, wanda ake yi a kan katako mai taya ana buga ƙwallo da hannu. Katakon da ya ƙi jinin a gan shi a kai tun yana firamare, shi ya ga ana gudu a kansa jama'a na tafi.

2022: Teburin kansa da matsalar farashi

A farkon 2022 maigidan ya yaye shi, ya ba shi gefen rumfa da tsohuwar bulawa da mita. Nan tsohuwar cutar ta ɓullo ta wata kafa da ba wanda ya zata. Ba ya iya faɗin kuɗin aikinsa. Idan aka ce nawa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce "ko nawa ka bayar, Allah ya amfana." Bakin da ya shekara bakwai yana karɓar abin da aka ga dama bai saba yanka farashi ba. Wasu kuma sukan karɓi wayarsu su ƙara masa wani abu suna cewa sadaka, ya karɓa ya yi godiya, ya wuni ransa a ɓace.

Wata uku littafin na nuna aiki na ƙaruwa, aljihu na nan jiya i yau. An fara gwada cewa maigidan ya riƙa faɗa masa farashi. Bai yi ba, domin masu kawo aiki sai suka koma ɗaukarsa yaron shago. Abin da ya yi aiki kwali ne. A aji muka zauna ya rubuta kuɗin kowane aiki da hannunsa, aka liƙa a gaban tebur. Idan aka tambaya sai ya nuna da sukundireba. Bayan 'yan makonni ya fara faɗa da baki yana nunawa, daga baya ya daina nunawar. Game da ƙarin sadaka kuwa, ya samo amsarsa da kansa: yakan mayar da canjin ya ce, "Alhaji, aikin ka biya. Wannan a kai wa mabuƙaci."

2023: Shingayen da ba a kai suke ba

Canjin takardun naira na farkon 2023 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa. Shi ba shi da asusu. Ya je wani banki, ya tarar da matakala a gaba, bayanta kuma ƙofar tsaron nan mai kama da akwati wadda keke ba ya shiga. Ya yi awa biyu a rana kafin wani ma'aikaci ya fito masa da takarda. Ɗaukar hoton yatsa dole sai a ciki, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, amma ranar nan dokar ba ta rage masa ko taki ɗaya ba.

Na tambaye shi abin da ya rubuta a littafi game da ranar. Ya nuna min. A hagu ya sa: "Ƙofarsu ce ba ta da faɗi."

Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin A Daidaita Sahu ya ninka, shi kuma sai ya biya kuɗin kujera fiye da ɗaya saboda keke. Tuƙa kansa zuwa kasuwa da dawowa ya fara kashe masa kafaɗu. Ya yi lissafi a littafin, ya ga kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a hanya yake tafiya. Ya yanke shawarar barin babbar kasuwa ya dawo bakin titin unguwarsu. Maigidan bai so ba, yana ganin aiki zai ragu. Ya ragu ɗin na wata huɗu, sannan ya dawo, domin a unguwar babu mai taɓa fanel sai shi.

Inda aka tsaya

Zuwa ƙarshen 2024 yana haya rabin wani ɗan shago tare da mai POS. Yana da yara biyu masu koyo, ɗaya mai shan inna ɗaya mai ƙafafunsa. Yana zubin adashi na mako. Yana karanta Hausar boko sarai, Turanci kuwa iya na aiki. Tun Afrilun 2021 bai koma bara ba. Abin da yake samu a wata mai kyau ya wuce na zamanin danja, a wata maras kyau bai kai ba. Ciwon kafaɗa na damunsa. Littafin yanzu na biyar ne.

Abin da nake gani

Yunƙuri ukun farko duk an yi su da kyakkyawar niyya, kuma kowanne ya bar shi a ƙasa da inda ya same shi. Jari ya zo kafin iya lissafi. Wa'azi ya taɓa zuciya bai taɓa tukunya ba. Keken ɗinki kuwa ya nuna ba a ma dubi jikinsa ba. Duk faɗuwa ɗaya sai ta zama sabuwar hujja ga "irinmu ba ma iyawa." Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun nuna a Amurka cewa karnukan da aka saba musu da azabar da ba su da ikon tsayarwa, ko an buɗe musu hanyar tsira daga baya da yawansu kwanciya suke yi. Ni dai ina ganin tun daga "bar shi, Allah sarki" na aji ɗaya aka fara koya masa kwanciyar. Tausayin da ba ya neman komai a wajen mutum yana gaya masa ne babu komai a wajensa.

Albert Bandura, a 1977, ya lissafa inda yarda da iyawar kai ke fitowa, ya sa abin da mutum ya yi da hannunsa ya ga ya yiwu a sama, ganin irinsa ya yi a bayansa, lallashin baki kuma a ƙasa da su. Maigidan bai taɓa jin sunan Bandura ba, amma jerin da ya bi ke nan, ni kuma da limamin muka fara daga ƙasa. Ba na cewa nasihar liman ta tafi a banza. Matashin da kansa yakan kawo hadisin hannun sama yanzu idan yana yi wa yaransa faɗa. Sai dai maganar ba ta samu wurin zama ba sai da aka sami waya hamsin da huɗu da za ta zauna a kai.

Layin da aka ja a tsakiyar shafi ya yi wani aikin da na fi ba muhimmanci. Ya tilasta masa rarrabe abu uku da a da ya cure su wuri guda: kuskuren da ake gyarawa, kayan da ba su da kyau, da shingen da wasu suka gina. Mutumin da ya sayar da keken ɗinki a 2019 yana ganin laifin jikinsa ne, shi ne ya rubuta a 2023 cewa ƙofar banki ce ba ta da faɗi. Masu cewa komai a zuciya yake su lura da wannan. Matakalar nan ta siminti ce, kuma da ba don ƙosan mahaifiyarsa ba, da kullen da ya rufe danja ba da shawararsa ba, da wuya a ce labarin ya kai nan.

Jimlar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Akwai wata yarinya a layinsu da ke kawo wayar mahaifiyarta gyara fiye da yadda waya ke lalacewa, kowa a shagon ya lura. Da na taɓa masa zancen bayan sallar isha'i, ya yi dariya ya ce, "Malam, wa zai ba irinmu?" Na ce ya tuna magidantan bitar walda. Ya yi shiru yana juya sukundireba a hannu, sannan ya ce wannan ba shi da shafin da zai ƙirga. Mahaifiyarsa dai ta ce ta riga ta yi wa ƙanin mahaifinsa magana, ana jiran bayan Sallah.